Yaushe Ake Zuba Taki a Tankin Kifi Mai Tsirrai? Jadawali da Yadda Wayarka Za Ta Taimaka Maka

Yau darasinmu ya ɗan kauce daga wayoyi da manhajoji, amma ba sosai ba, domin a ƙarshe waya da na'ura za mu koma. Tun da na sa hoton tankin kifin da ke kan teburin aikina, tambayar da ta fi yawa ita ce wane taki nake sa wa tsirran da ke ciki. Amsata kullum ɗaya ce: irin takin bai kai lokacin zuba shi muhimmanci ba.

Ni ma da asara na koyi haka. Tankina na farko, duk ranar da na tuna sai in tsiyaya taki da murfin kwalba. Idan aiki ya riƙe ni na yi kwana goma ban zuba ba, sai in ninka don in rama. Cikin wata biyu gansakuka ta rufe gilashin, ganyen ya yi ta ruɓewa, kifi huɗu suka mutu. Na zargi mai shago, na zargi ruwa, ashe laifin nawa ne. Kwalbar takin nan ɗaya da ita nake amfani har yau, abin da na canza kawai shi ne jadawali.

Da farko, me ke cikin takin?

Tsiron ruwa yana buƙatar haske, iskar CO2, da abinci. Abincin kashi biyu ne.

Kashi na farko manyan sinadarai ne da tsiro ke ci da yawa: naitirojin, fosforas da fotashiyam. Su ne haruffan NPK da kake gani a buhun takin zamani. A cikin tanki naitirojin yana zuwa ne a matsayin naitiret, fosforas kuma a matsayin fosfet.

Kashi na biyu ƙananan sinadarai ne da ake buƙata kaɗan kaɗan: sinadarin ƙarfe, wato ayon, sai manganis, zink, boron da sauransu. Ayon ne babbansu, kuma shi ne mai rigima wajen lokaci, kamar yadda za mu gani.

Akwai wata ƙa'ida da masanin kimiyya ɗan Jamus, Justus von Liebig, ya yaɗa a ƙarni na 19: girman tsiro yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci, komai yawan sauran. Kamar wayar da ke da babban ma'adana da kyamara mai kyau amma batirinta ya lalace, iyakar aikinta iyakar batirin. Idan ayon ya ƙare a ruwa ranar Talata, tsiro zai tsaya har sai ka sake zubawa, ko da naitiret ya cika tankin. A wannan tsaikon ne gansakuka ke samun dama, domin ita ta fi tsiro jure rashin tsari.

Gargaɗi tun kafin mu yi nisa: kada ka ɗebo takin gona, ko yuriya ko NPK na buhu, ka jefa a tanki mai kifi. Naitirojin ɗin da ke cikinsu yana komawa amoniya a ruwa, amoniya kuma guba ce ga kifi. Gubarta tana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi, wanda shi ne halin ruwanmu a yawancin shekara. Nemi takin da aka yi musamman don tankin kifi.

Ka san yawan ruwanka tukuna

Duk lissafin taki a kan lita yake. Auna tsawo, faɗi da zurfin tankin da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Tanki mai 60 da 30 da 30 zai ba ka lita 54. Amma yashi da duwatsu sun ci wuri, kuma ba a cika shi har baki, don haka ainihin ruwan bai wuce lita 45 ba ko kusa da haka. Da wannan adadin za ka yi aiki. Sannan ka sayi sirinji a kemis, ka daina awo da murfi.

Tambaya ta farko: da safe ko da dare?

Tsiro ya fi aiki lokacin da fitila ke kunne, domin a lokacin ne yake haɗa abincinsa. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne jim kaɗan kafin fitila ta kama, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, yadda matatar ruwa za ta gauraya takin ya kai ko'ina kafin a fara aiki.

Lura, safiyar tanki ba ita ce safiyar gari ba. Safiyarsa ita ce lokacin da fitilarsa ta kama. Tawa tana kamawa ƙarfe 2 na rana ta mutu ƙarfe 9 na dare, awa 7 ke nan, don in samu in kalli tankin da yamma. Awa 6 zuwa 8 ya wadatar ga yawancin tankuna. Wuce haka kiran gansakuka ne.

Idan ba ka gida a wannan lokacin fa? Zuba da safe kafin ka fita. Naitiret, fosfet da fotashiyam ba sa lalacewa don sun jira 'yan awanni a ruwa. Ayon ne kawai ke da sauri. Ana naɗe shi ne da wani sinadari da ke riƙe shi a narke, kuma haske mai ƙarfi yana warware wannan naɗin a hankali. Shi ya sa ba shi da amfani ka zuba ayon mai yawa sau ɗaya ka ce zai kai mako.

Nau'in naɗin ma yana da tasiri, kuma ana rubuta shi a bayan kwalba. EDTA yana riƙe ayon da kyau ne idan ma'aunin pH bai wuce 6.5 ba. DTPA yana kaiwa wajen 7.5. EDDHA ya fi su juriya, sai dai yana ɗan rina ruwa ja. Idan ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai pH sama da 7 ne kuma takinka EDTA ne, ayon ɗin zai riƙa zubewa da wuri, don haka gara ka raba shi kaɗan kaɗan kullum.

Wanda ke amfani da tukunyar CO2 kuma, ya kunna ta awa 1 zuwa 2 kafin fitila, ya kashe awa ɗaya kafin fitila ta mutu. Da dare tsiro ba ya amfani da ita, iskar oksijin yake shaƙa kamar kifi.

Tambaya ta biyu: kullum ko mako-mako?

Wannan ya danganta da saurin tankinka.

Tanki mai sanyin tafiya shi ne mai fitila matsakaiciya, babu tukunyar CO2, tsirransa masu jinkirin girma ne irin su Anubias da Java fern. Anubias ma ɗan gida ne, asalinsa rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da kudancin Najeriya da Kamaru. Irin wannan tanki sau ɗaya ko sau biyu a mako ya ishe shi, domin kashin kifi da ragowar abinci suna ba shi naitiret da fosfet.

Tanki mai sauri shi ne mai fitila mai ƙarfi, da CO2, da tsirrai masu tsayi da ake aski duk mako. Wannan kullum ko bayan kwana ɗaya yake so.

Ga wata dabara da ta shafi kowa: duk abin da kwalba ta ce na mako ne, kana iya raba shi. A ce lissafinka ya ba ka mililita 7 a mako. Mililita 1 kullum ya fi 7 a zuba ɗaya, domin ruwan zai zauna a mataki ɗaya maimakon ƙoshi ranar Asabar da yunwa ranar Alhamis.

Idan kana da tsiro mai yawo a saman ruwa kamar kainuwa, ka sani yana shan naitiret da sauri, saboda yana samun iska kai tsaye kuma shi ya fi kusa da fitila. Launin ganyensa ma'auni ne na kyauta: ya fara fari, abinci ya yi ƙasa.

Tambaya ta uku: me ya sa ake raba kwalba biyu?

Idan ayon da fosfet suka haɗu da kauri, suna iya manne wa juna su zama wani gari da ba ya narkewa, tsiro kuma ba ya iya shan sa daga ruwa. Wani lokaci za ka ga ruwan ya yi hazo-hazo bayan ka zuba. Saboda haka kada ka taɓa haɗa kwalbar manya da ta ƙanana a mazubi ɗaya, kuma kada ka auna su da sirinji ɗaya ba tare da ɗauraya ba. A cikin tanki sun riga sun tsinke sosai, haɗarin ya ragu, amma al'adar da aka fi bi ita ce a raba su da rana, ko aƙalla da 'yan awanni.

Takin da aka sayar a kwalba ɗaya mai komai da komai an riga an daidaita shi yadda ba zai manne ba. Idan irinsa gare ka, wannan matsalar ba taka ba ce.

Jadawalin mako

Tsarin da ya fi shahara shi ne Estimative Index, wanda Tom Barr na Amurka ya yaɗa. Hikimarsa ita ce a ba tsiro fiye da buƙatarsa kaɗan, sannan a wanke rarar da canjin rabin ruwa duk mako. Ga yadda na daidaita shi da makona:

- Asabar: canjin rabin ruwa, sannan manyan sinadarai
- Lahadi: ƙananan sinadarai
- Litinin: manya
- Talata: ƙanana
- Laraba: manya
- Alhamis: ƙanana
- Juma'a: hutu, ba a zuba komai

An tsara shi ne don tanki mai sauri. Mai tanki mai sanyin tafiya ya ɗauki siffar jadawalin ya rage adadin sosai, ko ya tsaya a Asabar da Talata kawai.

Akwai wasu hanyoyin. Takashi Amano, ɗan Japan da ya kafa kamfanin ADA kuma ya rasu a 2015, ya dogara ne da ƙasa mai ƙarfi a gindin tanki, da taki kaɗan a ruwa kullum. Diana Walstad kuma ta shahara da tsarin shimfiɗa ƙasar lambu a ƙarƙashin yashi, inda abincin kifi ke zama taki. Kowanne yana aiki. Abin da ba ya aiki shi ne ka bi wannan yau, gobe ka bi wancan.

Lissafin da ya sa canjin ruwa ya zama dole

Nan ne mai rubuta manhaja zai ji daɗi. A ce kana zuba naitiret miligiram 10 a kowace lita duk mako, kuma a ce tsirran ba su ci komai ba, wato mafi munin yanayi.

Ƙarshen makon farko kana da 10. Ka canza rabi, saura 5. Mako na biyu 15, saura 7.5. Na uku 17.5, saura 8.75. Na huɗu 18.75. Duk yadda ka ci gaba ba za ka wuce 20 ba, wato ninki biyu na abin da kake zubawa. Idan kashi ɗaya cikin huɗu kake canzawa, iyakar ta koma 40. Ƙa'idar ita ce ka raba abin da kake zubawa a mako da kason ruwan da kake canzawa.

To idan ciko kawai kake yi fa? A lokacin hunturu da bazara ruwa yana ƙafewa da sauri, sai mutum ya riƙa ƙarawa yana ganin kamar ya canza. Ruwa ne kaɗai ke tashi, takin yana nan. Lissafin ya zama 10, 20, 30, babu iyaka. Wannan yana cikin abin da ya kashe min kifi.

Kullum taki bayan canjin ruwa yake zuwa, ba kafinsa ba, in ba haka ba ka zubar da rabin kuɗinka a kwata. Idan ruwan famfo ne mai kulorin, fara sa maganin kulorin tukuna.

Lokutan da za ka dakata

1. Sabon tanki. Idan ƙasar gindinsa irin mai taki ce ta kanti, tana fitar da amoniya a makonnin farko. Canjin ruwa take so, ba ƙarin taki ba. Jira har ka ga sabon ganye, ka fara da rabin adadi.
2. Ranar da babu wuta. Fitila ba ta kama ba, matata ba ta juya ba, tsiro bai ci na jiya ba. Tsallake ranar.
3. Ranar da ka manta. Kada ka ninka gobe. Ci gaba daga inda jadawali yake.
4. Bayan babban aski. Ka rage ganye, ka rage baki. Rage takin na kwana kaɗan.
5. Tsananin zafi. Yawancin tsirran tanki sun fi son digiri 22 zuwa 28. Idan ruwa ya haura 30 a watan Afrilu suna wahala, oksijin ma yana raguwa. Sanyaya ruwan da ƙaramar fanka ya fi ƙarin taki amfani.
6. Tafiya. Idan za ka yi mako ba ka nan, rage awannin fitila ka bar takin. Kada ka zuba na mako gaba ɗaya ka kulle ɗaki.

Tsirrai masu ci ta saiwa, irin su Amazon sword da Cryptocoryne, ana binne musu ƙwayar taki a yashi kusa da gindi, a sabunta bayan wata 2 zuwa 3. Sa ranar a kalanda, domin ita aka fi mantawa.

Yanzu sai na'ura

Mataki na farko, kyauta ne. Buɗe Google Calendar ka yi tunatarwa biyu masu maimaita kansu, ɗaya "manya" a Asabar, Litinin da Laraba, ɗaya "ƙanana" a Lahadi, Talata da Alhamis. Buɗe shafi a Google Sheets mai ginshiƙi huɗu: rana, abin da ka zuba, awannin fitila, abin da ka lura. Duk Asabar ka ɗauki hoton tankin daga wuri ɗaya. Ido yana mantuwa, hoto ba ya yi.

Mataki na biyu, fitila. Taki a kan lokaci ba shi da amfani idan fitila na kamawa yadda ta ga dama. Taima mai juyawa irin ta da tana tsayawa idan an ɗauke wuta, sai lokacinta ya goce. Nemi ta dijital mai ƙaramin batiri a ciki. Soket mai Wi-Fi, irin masu aiki da manhajar Smart Life ko eWeLink, yana da daɗin sarrafawa daga waya, amma yawancinsu 2.4GHz kawai suke kamawa, kuma bayan ɗaukewar wuta sai sun samu intanet kafin su san ƙarfe nawa. Idan da hotspot ɗin wayarka ka haɗa shi kuma ka fita da wayar, ka san sauran.

Mataki na uku, famfon zuba taki. Ƙaramin famfo ne mai matsa siririn tiyo yana tura ruwa ɗigo-ɗigo. Ana sayar da haɗaɗɗe, kana kuma iya haɗa naka da allon ESP32, agogon DS3231 mai batirin kansa, rile, da famfo biyu masu bolt 12, ɗaya ga kowace kwalba. Kafin komai ka gwada shi: kunna na daƙiƙa 60 cikin mazubi, ka auna da sirinji. Idan ya ba da mililita 30, rabin mililita ke nan a daƙiƙa, don haka mililita 2 daƙiƙa 4 ne. Sake wannan gwajin duk wata, domin tiyo yana saki.

Dokoki huɗu da na sa a cikin lambobin nawa, kowace bayan ta ba ni kunya a gwaji:

- Na'ura ta rubuta ranar da ta zuba a ma'adanar da ba ta gogewa. In ba haka ba, duk dawowar wuta za ta ɗauka sabuwar rana ce. A gwajin farko, da ruwa zalla a kofi, tawa ta zuba sau uku a yini ɗaya.
- Ta rubuta kafin ta kunna famfo, ba bayan ta gama ba. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, gara a rasa zubi ɗaya da a ninka.
- Idan wuta ta dawo bayan lokacin fitila ya wuce, ta haƙura sai gobe.
- A sa iyakar daƙiƙun da famfo ba zai taɓa wucewa ba a rana, ko me lissafi ya ce.

Bakin tiyo ya tsaya a saman ruwa, kada ya nutse. Kwalbar ƙananan sinadarai kuma ta zama mai duhu, a ajiye ta nesa da rana. Ka gwada na'urar mako guda a kofi kafin ka amince mata da rayukan kifinka.

Yadda za ka gane jadawalin yana aiki

Kalli inda matsalar ta fito. Tsohon ganye na ƙasa yana rawaya, galibi naitirojin ne ya gaza, domin tsiro yana kwashe shi daga tsohon ganye ya kai wa sabo. Sabon ganye na sama ya fito fari-fari, ayon ne, domin shi ba ya ƙaura. Ƙananan huji a tsohon ganye, ka duba fotashiyam.

Idan za ka gyara, canza abu ɗaya kawai, ka jira mako 2 zuwa 3, kuma sabon ganye za ka duba, domin wanda ya lalace ba ya warkewa. Daidai yake da neman kuskure a manhaja: ka canza layi biyar lokaci ɗaya, ko ta gyaru ba za ka san wanne ya gyara ta ba.

Idan za ka fara yau, kada ka sayi famfo tukuna. Auna litar tankinka, sayi sirinji, sa tunatarwar nan biyu a waya, ka zaɓi ranar canjin ruwa. Riƙe haka mako huɗu ba fashi, sannan ka jera hoton Asabar ta farko da ta huɗu ka gani. A darasi na gaba, in Allah Ya yarda, zan kawo zanen haɗa ESP32 da famfon, waya bayan waya, tare da lambobin da nake amfani da su.